Yadda injin Camry ɗin Kawu ya buga alhali fitilar sabis bata ma gama kamawa ba

Motar Toyota Camry ce ta 2008, mai silinda huɗu, lita 2.4, irin wacce dillalai suke kira Muscle, 'yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano. Mai ita kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwa ne a Kwari yana harkar shadda da yadi, kuma kusan duk sati sai ya leƙa Kaduna saboda yana da masu karɓar kaya a can, tafiyar sama da kilomita 200 zuwa kawai banda dawowa banda zirga-zirgar cikin gari. Ba baƙon sitiyari bane, ya tuƙa Peugeot 504 shekara da shekaru kafin ya koma 406, kuma a zamanin 504 ɗin nan duk wanda ya taso a gidan ya san bayan sallar asuba sai ya ɗaga bonet ya zaro geji ya goge da tsumma ya mayar ya sake zarowa, ya leƙa lagireto, sannan ya tada mota. Da ya sayi Camry sai ya daina. Dalilinsa kuwa wai ai wannan mai kwamfuta ce, in wani abu ya samu ita zata faɗa da kanta. Wannan maganar tasa ita ce tushen duk abin da ya biyo baya, amma ba ita kaɗai ba.

Da motar ta iso mitarta tana nuna sama da 190,000, kuma shi Kawu kilomita yake karantawa, alhali motocin da aka yi wa kasuwar Amurka mil suke ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kaga kenan motar ta riga ta haura kilomita 300,000 tun kafin tayarta ta taɓa ƙasar Kano. Ba laifi bane, injinan nan suna da juriya, amma inji mai wannan shekarun yawanci yana ɗan shan baƙin mai ta wajen ringi ko ta robobin bawul, wani kaɗan wani da yawa, kuma ba lallai kaga ɗigo ko ɗaya a ƙasan mota ba tunda ƙonewa yake yi tare da fetur ya fita ta salansa.

Satin farko aka kai ta gareji aka yi juye. Bakaniken nasa tsohon abokin hulɗa ne tun zamanin 504, ya aiki yaro ya sayo galan ɗaya na 20W-50 mai lita 4 da filta, aka juye aka ɗaure. Shi wannan injin idan an canza har da filta wajen lita 4.3 yake ci, don haka tun daga ranar da ɗan giɓi motar ta fita, ƙarami ne dai, ba wanda zai kashe inji shi kaɗai ba. A jikin murfin man kuma 5W-20 aka rubuta, wato mai marar kauri, alhali 20W-50 mai kauri ne, babu wanda ya kalla. Abin da ba a yi ba, kuma bakaniken bai ma san ana yi ba, shi ne maida ƙirgen fitilar sabis zuwa sifili.

Bayan 'yan makonni sai wata fitila mai ruwan ɗorawa da aka rubuta MAINT REQD ta fara ƙyaftawa duk sanda ya murɗa mukulli, ta yi 'yan daƙiƙu ta ɗauke. Can kuma sai ta kama ɗungurungum ta ƙi mutuwa. Hankalin Kawu ya tashi, sabuwar mota, ko wata biyu bata yi a hannunsa ba. Ya koma gareji, bakanike yace Alhaji ai kwanan nan muka yi juye, wannan ba daga wajena bane, matsalar wayarin ce, je ka wajen rewaya. Rewaya ya cire kan batir ya jira ya mayar, fitila na nan. Sai yace suwic ɗin mai ne ya mutu, aka je aka sayo wani mai araha aka cire na asali da motar ta zo da shi aka ɗaura wannan, aka biya kuɗin kaya aka biya kuɗin aiki, aka tada mota, fitila na nan daram kamar ba a yi komai ba. A ƙarshe wani yaro ne a wajen wankin mota ya kashe ta cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Ya murɗa mukulli ya danna ɗan maɓallin mita har ta nuna Trip A, ya kashe, sannan ya danne maɓallin ya riƙe ya sake murɗa mukulli ba tare da ya tada injin ba, wasu 'yan layuka suka fito a mitar suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya har sifili ya jeru, shikenan fitila ta mutu. Yace Alhaji ai wannan ba lalacewa bace, ita ce take gaya maka lokacin juye ya yi.

Yaron gaskiya ya faɗa amma rabinta. Ita wannan fitilar a Toyota na wannan zamanin bata da wata alaƙa da man da ke cikin injin, babu waya ko ɗaya da ta taso daga cikin mai ta zo wajenta. Mil kawai take ƙirgawa daga ranar da aka maida ta sifili, idan ta kai wajen 4,500 ta fara ƙyaftawa lokacin tada mota, idan ta haura 5,000 ta kama gaba ɗaya. Kamar ƙararrawar waya ce da ka saita don tashin asuba, lokaci na yi zata buga ko kana barci ko ka riga ka tafi masallaci. Zaka iya zuba sabon mai yau ta kama gobe idan ba a sake saita ta ba, kamar yadda ya faru da Kawu, kuma zaka iya kwance man gaba ɗaya ka zubar ita ko a jikinta. Ƙirgen da ta kama da shi a wannan karon tun daga juyen ƙarshe da aka yi wa motar a can Amurka ne.

Toh daga wannan wahalar Kawu ya fito da darasi biyu, kuma duk biyun sai da suka cuce shi. Na farko, ya yanke hukunci cewa fitilun motocin Amurka yawanci surutu ne kawai, tunda ga wacce ta ci masa kuɗi a banza ashe maɓalli ne maganinta. Na biyu, ya ɗauka cewa yanzu yana da mai gadi, ba zai sake juye ba sai fitilar ta dawo. Bai lissafa cewa a ranar da yaron ya saita ta man da ke ciki ya riga ya yi tafiyar da ta kai mil 1,000 ko fiye ba, wato kafin ta sake kamawa man zai kai mil 6,000, kusan kilomita 10,000 kenan, a cikin tsohon inji mai shan mai, da zafin Afrilu, da gudun babbar hanya, kuma babu mai zaro geji.

Wajen wata na uku wata fitilar daban ta fara leƙowa, ja ce, wacce direbobi suke ce wa buta saboda hoton da ke jikinta. Ba kamawa take yi ta zauna ba. In ya sha shataletale da ɗan gudu sai ta ƙyafta sau ɗaya ta ɓace, in ya taka birki da ƙarfi a danja haka, wani lokacin in ya dawo daga Kaduna injin ya yi zafi yana tsaye a go-sulo sai ta riƙa yin kamar zata kama. Anan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ke faruwa a ciki, domin duk labarin yana nan. Man injin yana kwance ne a cikin kaskon ƙasa, famfon mai yana zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi da ƙarfi zuwa metal, wato siraran faifan ƙarfe da sassan inji suke juyawa a kai, na karanshaf da na sandunan fistin da kamshaf a sama. Ƙarfe baya taɓa ƙarfe a waɗannan wuraren sai dai ya hau kan siririn mai da matsin famfon ya riƙe. Ita jar buta matsin nan take ji ta wajen suwic ɗin mai, kuma bata kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa warwas. Bata auna yawan mai. Mota zata iya rasa lita ɗaya har fiye fitilar bata ce uffan ba saboda bakin bututun yana cikin mai har yanzu. Ranar da ka ga tana ƙyaftawa a kwana ko wajen birki, man ya yi ƙasa sosai har idan ya tuntsura gefe guda bakin bututun yana fitowa fili famfo ya zuƙi iska, kuma duk ƙyaftawa ɗaya daƙiƙa ce da metal ya gogi ƙarfe a bushe.

Kawu ya faɗa wa bakanikensa a waya. Amsar da ya samu ita ce, Alhaji suwic ɗin nan ne da rewaya ya sa maka, na gaya maka kayan nan na yanzu ba su da kyau, in ka samu lokaci ka shigo mu canza. Kaga yadda gyaran banza na farko ya zama hujjar watsi da gargaɗin gaske. Da suwic na asali ne a jiki watakila da bakaniken ya ce a duba geji. Kuma ko da suwic ɗin ake zargi, zaro geji kyauta ne, minti biyu ne, shi ya kamata ya zo kafin kowace magana.

Na shiga motar sau ɗaya a wannan tsakanin zamu ɗaurin aure, na ga ta ƙyafta a wata kwana nace Kawu kun ga jar fitilar nan kuwa, yace rabu da ita, 'yar uwar waccan ce, duk surutu ne. Nace a dai duba mai, yace ai fitilar juye bata kama ba tukuna.

Ranar da abin ya faru ya fita da hantsi ta titin Zariya, ya wuce Na'ibawa ya wuce Kura, AC a kunne yana gudu. Yana wuce Kwanar Dangora jar buta ta kama ta zauna. Ya rage gudu ya kira bakanike, shi kuma yace lallaɓa ka ƙarasa Zariya akwai wani yarona a can ya duba maka. Wannan shawarar ita ta kashe injin. A wannan lokacin da ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya tari ɗan acaɓa ya sayo lita biyu a gidan mai mafi kusa, akwai yiwuwar da injin ya rayu ko da ya ɗan ji jiki. Ya ci gaba. Bayan 'yan kilomitoci ya fara jin ƙas-ƙas-ƙas daga sama, sannan wata ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa wacce take ƙaruwa in ya taka totur, mota ta rasa ƙarfi, kafin Tashar Yari ta mutu da kanta, ya murɗa mukulli sai ƙit kawai yake ji. Janwe ce ta dawo da ita Kano da daddare. Abin haushin, a wannan satin ne fitilar MAINT REQD ta fara ƙyaftawarta ta mil 4,500, bata ma kai ga kamawa ba, a lissafinta akwai sauran mil 500 lafiya lau.

Ba garejin farko aka mayar da ita ba, wani bakaniken aka samu da ya fi sabawa da motocin Japan, kuma ina wajen aka buɗe. Da ya kwance noti na ƙasa ya tara wata yankakkiyar jarka, man da ya fito bai kai lita biyu ba, baƙi ƙirin, mai kauri, yana warin ƙuna. Ya lakato da yatsa ya miƙa a rana yace Alhaji duba, sai ga ƙyalli-ƙyalli a ciki, garin metal ne da ya niƙe. Da aka sauke kaskon, rariyar bututun ta toshe kusan rabi da dagwalon tsohon mai da guntayen gam ɗin da wani ya taɓa lafta wa kaskon maimakon ya shafa daidai. Metal ɗin sandar fistin ɗaya ya narke ya juya daga mazauninsa ya manne, wajen da yake hawa a jikin karanshaf ya yi shuɗi saboda zafi kuma in ka bi da farce kana jin zane-zane. Da ya lissafa daga lita 4 da aka zuba zuwa abin da ya rage, yace injin nan yana shan wajen lita ɗaya a duk kilomita 3,000 da wani abu, wanda ga tsohon inji ba abin tashin hankali bane, mutane da yawa suna hawa irinsa shekara da shekaru, sharaɗin kawai a riƙa cikawa.

Zaɓi biyu ya bayar. Ko a kai karanshaf wajen masu yanka a sa metal mai kauri a canza sandar da ta ƙone a sa sabon ringi, ko a je Kofar Ruwa a ɗauko inji tokumbo gaba ɗaya. Shi ya fi karkata ga na biyu saboda garin ƙarfen ya riga ya zaga ko'ina har cikin hanyoyin mai na sama, kuma in ba a wanke shi tas ba aikin zai dawo. Haka aka yi. Kuɗin da aka kashe tsakanin inji da janwe da aiki zai yi juye na shekaru, ban da satuttukan da Kawu ya yi yana bin motar haya zuwa Kaduna da dilar kaya.

Bayan an ɗaura inji sai wani abu ya sake fitowa wanda babu wanda ya nema. Duk mota in ka murɗa mukulli zuwa inda dashbod ke kawo wuta amma baka tada ba, fitilun gargaɗi suna kamawa gaba ɗaya na ɗan lokaci, gwajin kansu suke yi don ka san suna da rai. Sabon bakaniken ya tsaya yana kallo yace ina fitilar cek, wato mai hoton inji. Babu ita. Aka kira wani rewaya ya zare mitar ya buɗe, sai ga baƙin salatif an yanka ɗan murabba'i an liƙe a bayan hoton, aiki mai tsafta wallahi, wanda ya yi ya saba. Tun kafin Kawu ya saya aka yi, don kar mai saye ya ga fitila ya rage kuɗi. Duk wanda zai sayi tokumbo wannan gwajin na mukulli ya fi zagaya mota ana buga taya da ƙafa amfani, a tabbatar cek da buta da batir da ABS ta birki da ta jakar iska duk sun kama sannan sun mutu bayan an tada.

Aka cire salatif. Bayan kwana kaɗan yana hawa fitilar ta kama, aka sa mata kwamfuta ta soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda tun 1996 doka ta wajabta shi a duk motar da za a sayar a Amurka. Lamba biyu ta bayar. P0420, wato indomin salansa, abin da ke tace hayaƙi kafin ya fita, baya aikinsa, da aka duba kuwa an riga an fasa an kwashe cikinsa an mayar da gwangwanin wayam, sananniyar sata ce saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Sai P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa. Dalilin wannan ya fi ban sha'awa a wajena, domin robar da ke kai iska daga filta zuwa inji ta tsage ta ƙasa inda ido baya gani, ita kuma filtar iskar an sha hure ta da iskar mai faci har takardar ta yage, ƙura ta lulluɓe ɗan sensan da ke auna iska. Wato duk hunturun da ya wuce injin ƙura yake shaƙa kai tsaye, kuma ƙura ita ce take cinye ringi da bangon silinda, shan mai ya ƙaru. Fitilar da zata nuna wannan tun da wuri ita ce aka liƙe wa salatif. Aka canza roba da filta aka wanke sensa, P0171 bata dawo ba.

In za a raba laifi, ni a ganina kaso mafi girma na bakaniken farko ne, ba don juyen da bai cika ba ko fitilar da bai saita ba, a'a, don kalmar lallaɓa da ya faɗa wa mutumin da jar buta ta kama masa a kan hanya. Ko yaron gareji na shekarar farko ya kamata ya san wannan. Amma kuma mu masu motoci mu muka koya wa masu gyara wannan halin, domin abin da muke zuwa da shi shi ne a kashe min fitilar nan, ba a gano min me ya kunna ta ba, kuma wanda ya kashe da salatif cikin minti goma shi muke yaba wa da iya aiki, wanda yace sai an sa kwamfuta an biya muce yana son cin kuɗi. Kawu ma yana da nasa kason, shi da ya fi kowa sanin geji. Ya kuma juya launukan, ya kashe kuɗi da lokaci a kan mai ruwan ɗorawa da zata iya jira wata guda, ya yi banza da ja wacce bata jiran minti biyar. Ja a dashbod, ko buta ce ko ta zafi ko ta birki, tsayawa ake yi. Ta batir ma in ta kama ana tafiya a wannan motar kar a ce ai batir ne kawai, bel ɗaya ne yake juya altaneta da famfon ruwa da famfon sitiyari, in ka ji sitiyari ya yi nauyi tare da ita toh bel ya tsinke kuma zafi na tafe. Ita cek mai ruwan ɗorawa in a zaune take zaka iya ƙarasawa gida ka kai gobe, in kuwa ƙyaftawa take yi mota na rawa, wani silinda ne baya ƙona mai, a rage gudu a nemi wajen tsayawa.

Wani maƙwabcin Kawu mai Honda Accord ya riƙa yi masa tsiya wai da Honda ya saya da hakan bata faru ba, tunda tasa tana nuna lafiyar mai da kaso cikin ɗari, in ya sauko 15 sai hoton sifana ya fito da harufa irin su A1 ko B1 suna gaya maka aikin da ya kamata. Gaskiya ne tsarin Honda ya fi wayo, yana duba yadda injin ya yi aiki da zafinsa ba mil kawai ba. Amma shi ma lissafi ne na tsufan mai, bai san ko lita nawa ta rage a kasko ba, zaka iya ganin 60 a allo alhali geji a bushe yake. Da Kawu ya hau Accord mai shan mai da irin wannan tunanin a Tashar Yari ɗin dai zai tsaya.

Yanzu tsarin da suke bi da sabon bakaniken mai sauƙi ne. Littafin motar cewa ya yi juye duk mil 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, amma su sun maida shi wajen mil 3,000, kusan kilomita 5,000, saboda ƙura da go-sulo da kuma rashin tabbas a kan man da ke kasuwa, jabu ya yi yawa, don haka a gidan mai Kawu yake saye ba a bakin titi ba. Lita 5 yake saye, a zuba abin da geji ya nuna ya cika, ragowar ta zauna a but. An yi ta ja-in-ja a kan kaurin mai, tsofaffin garejin suna cewa zafin Kano sai 20W-50, shi kuma bakaniken yace injin VVT-i ne, da matsin mai yake juya kamshaf ta wasu ƙananan hanyoyi kuma mai kauri yana jinkirin isa can da safe, suka tsaya a 5W-30, ni ma ina ganin hakan ya yi. Ranar juye a gabansa ake saita MAINT REQD, shi da kansa ma ya iya yanzu, kuma yana maida Trip B sifili don ya riƙa ganin mil nawa man ya yi ba sai ya jira fitila ba. Geji kuma ya dawo, duk Juma'a da safe da kuma kafin kowace tafiya Kaduna, a waje mai daidai, injin a kashe, mai ya tsaya tsakanin ɗigo biyun nan, wanda tazararsu wajen lita ɗaya ce. Filtar iska ba a ƙara hure ta ba, in ta yi datti canzawa ake yi, da hunturu kuwa duk juye sai an buɗe an gani. Lagireto ma an zubar da ruwan rijiyar da aka saba ɗura masa an sa kulan.

Fitilu biyu ne har yau suke kunne a dashbod ɗin. Ɗaya ta iskar taya ce, wacce take ƙyaftawa wajen minti ɗaya in an tada sannan ta zauna, alamar sensan cikin tayoyin ne suka mutu ba iska ce ta ragu ba, batirinsu ya ƙare ko masu faci sun karya su wajen cire taya. Kawu yace ba zai sayi sensa huɗu ba, ya sayi ɗan ma'aunin iska na hannu yana bin lambar da ke kan takardar jikin ƙofar direba. Ɗayar kuma cek ce saboda indomin da babu, kuma ita ce ta fi damuna, tunda fitila ɗaya ce ga ɗaruruwan matsaloli, in tana kunne kullum saboda P0420 ranar da wata sabuwa ta zo babu yadda zai gane. Kawu ya so rewaya ya mayar da salatif ɗin wai tana ɗauke masa hankali da daddare, bakaniken yace in aka mayar toh a nemi wani gareji. Sun daidaita a kan duk juye za a sa kwamfuta a ga ko wata lamba ta ƙaru a kan ta indomin, shi kuma indomin an bar shi sai bayan sallah in kasuwa ta buɗe.